Kurkunun Bulus da Gayyar Lahadi

Duk wanda ya sha ruwan tabki a Damargu ya san kurkunu, ko a ƙafarsa ko a ƙafar wani nasa. Ni a ƙafar mijina na san shi, kuma na san shi da kyau, don damina guda cur na yi ina wanke miki. Ina ba da labarin nan don masu jinya su ji abin da za su yi da abin da za su bari. Ina kuma ba da shi don 'yan mata masu roƙon Allah ya ba su miji mai ƙarfin bangaskiya su san abin da suke roƙo.

Sunana Kande. Mijina Bulus, amma a ƙauyenmu na ƙasar Falanko ba mai kiran sa haka sai ni, ni ma sai raina ya ɓaci. Kowa Tanko ya sani. Ɗan gwaggona ne, wato taubashina, shi ya sa nake da bakin faɗa masa abin da wata mace ba ta isa ta faɗa wa mijinta ba. Yana saurayi yunwa ta kore shi kudu, ya bi ayarin raƙuma har Kano, ya wuce, ya yi lebura a hanyar jirgin ƙasa shekara da shekaru. Ya dawo da akwatin ƙarfe, da sabon suna, da addinin Yesu Almasihu. Na aure shi, na bi shi a kan addinin, Baba ya yi fushi har ya gaji. Mu biyu ke nan Kirista a duk yankin, in ma an ƙirga ni cikakkiya, don ni sai na leƙa rumbu kafin in ce amin.

A shekarun da Nasara suka matsa wa mutane da sharar hanyar mota daga Damagaram zuwa Agadas abin ya faru. Ruwan shuka ya sauka da kyau, muka shuka hatsi, ya fito gwanin sha'awa. Gonar nan ita ce dukiyarmu kaf. Na bara ya kusa ƙarewa, in na zura hannu a rumbu ƙasa nake taɓowa. In aka yi noman fari a kan lokaci, mun ci shekara. In ba a yi ba, ƙarangiya ta ci ta a madadinmu.

Ana saura kaɗan a shiga noman Bulus ya fara susa. Sai zazzaɓi, sai amai, sai wani ƙurji ya taso masa a idon sawun dama yana zogi kamar an ɗora garwashi. Da ƙurjin ya fashe na duba, ga ɗan farin kai nan kamar zare ya leƙo. Na dafe ƙirji na ce shi ke nan, kurkunu.

Ya ce, “Mun gode Allah.”

Na ce, “Da me?”

“Da ba a ido ya fito ba.”

Haka muka fara, kuma haka muka ci gaba. Kowace masifa ta zo sai ya samo wadda ta fi ta ya yi godiya a kan ba ita ba ce.

Makon farko na masu shawara ne. Gwaggo, wato mahaifiyarsa, ta zo da laya a ƙulle a bakin zane da ƙoƙon rubutu. Ya karɓi gaisuwarta hannu biyu, ya ce, “Inna, na gode, amma kin san ni da waɗannan mun rabu.” Ta shanye rubutun da kanta don kada a yi asara, ta tafi tana sababi. Wata Bafulatana mai tallan nono ta ce kashin shanu mai ɗumi. Wani Buzu da ya sauka sayar da cuku ya ce fitsarin raƙumi, kuma ya ba mu kyauta, Allah ya saka masa. Wannan kam Bulus ya karɓa, ya ce Allah ne ya yi raƙumi. Kwana da kwanaki ko kaji ba su shiga ɗakinmu.

Sai Sanda wanzami ya iso da zabirarsa. Sanda mutum ne mai son aikinsa fiye da kima. Bai ma gama sallama ba ya ce in hura wuta, zai yi sakiya, wato ya gasa ƙarfe ya yi ja ya soka a wurin.

Bulus ya ce, “Sanda, wutar da ke ƙafar nan ta ishe ni, ba sai an ƙaro ba.”

“Kai Tanko, tsoro kake ji ko addinin ne ya hana?”

“Tsoro ne. Kada ka ɗora wa addini.”

Sanda ya tafi da zakarana na ladan tahowa, bai taɓa kowa ba. Har yau in na tuna zakaran nan sai raina ya sosu.

Abin da Bulus ya yi shi ne abin da kowa ya sani amma ba kowa ke iyawa ba. Ya samo tsinke, ya naɗe kan tsutsar a jiki, ya ɗaure da tsumma. Kullum da safe in kawo ruwa a ƙwarya ya tsoma ƙafar, in ta saki jiki sai ya murza tsinken kaɗan, abin da bai kai faɗin farce ba. Da ya ji ta ƙi, sai ya tsaya. Kafin ya murza sai ya yi addu'a, bayan ya murza ya yi godiya. Wata rana ba ta ba da ko ɗigo ba, ya ce yau hutu take yi. Ni kuwa ina tsaye a kansa, ido ɗaya a kan tsinke, ɗaya a hanyar gona.

Na ce, “Kai da ka ce Ubangiji ya ta da matattu, tsutsa ce za ta gagare shi? Ka roƙa ta fito yau mana.”

“Na roƙa.”

“Me aka ce?”

“Ga shi kina gani. An ce a hankali.”

Mako na biyu wata ta fito a ƙafar hagu. Ya ce mun gode Allah da ƙafa biyu kawai ya yi wa mutum.

A mako na uku ne Gwaggo ta yi mana aika-aika, kuma nan nake so masu jinya su buɗe kunne. Da rana tsaka ina wurin daka, Bulus ya yi barci a rumfa, ƙafar dama a miƙe. Gwaggo ta shigo, ta ga tsinke da tsutsa a naɗe ta kai tsawon kamu, ta ga ɗanta ya rame. Tausayi ya kama ta. Ta ce wannan wasan yara ya isa, ta kama tsinken ta fizga yadda ake fizgar zare daga zane. Ihun da ya yi har karnukan unguwa sai da suka amsa. Na zo da taɓarya a hannu na tarar da rabin tsutsa a hannun Gwaggo, rabi ta koma ciki.

Gwaggo ta zauna daɓas tana kuka. Shi kuwa gumi na zuba, haƙora a datse, da ya samu numfashi sai ya ce, “Inna, ashe har yanzu hannunki da ƙarfi. Mun gode Allah.” Ni ban gode ba a ranar, kuma na faɗa wa Gwaggo maganganun da sai da na kai mata goro daga baya.

Kafin a jima ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi sheƙi, ga zazzaɓi mai kaɗa haƙori. Nan na tsorata da gaske. Na sayar da akuyata, muka ari takarkari, na ɗora shi muka nufi bariki a Tanut, inda aka ce akwai lokotoron soja, wato likita. Tafiyar ba ta faɗuwa. Duk inda san ya yi tuntuɓe Bulus ya yi ƙara, sannan ya ba san haƙuri.

A Tanut muka tarar da layi a gindin wata bishiya, rabinsa masu kurkunu, kowa da tsinkensa. Ba layin tsayuwa ba ne, na jan gindi ne. Tun hantsi muke matsawa har rana ta karkata. Wani gardi, wato ɗan sandan Nasara, na zagayawa da bulala yana cewa a gyara layi, alhali ba mai iya tashi balle ya ɓata shi. Da muka isa, lokotoron wani baƙin mutum ne dogo daga ƙasashen yamma, Hausarsa guntu-guntu. Ya tsaga wurin, abin da ya fito ba zan faɗa ba don wani na iya cin abinci. Ya wanke da wani ruwa mai launin makuba, ya naɗe. Ya duba tsinken ƙafar hagu, ya gyaɗa kai, ya ce wa ya yi wannan. Bulus ya ce shi ne. Lokotoro ya ɗaga yatsa ya ce, “Dusuma, dusuma.” Wai a hankali, a hankali, da Faransanci. Ya kuma ce daga ruwan tabki ake shan ƙwanta, a riƙa tacewa da tsumma. Mutanen layi suka yi dariya, wani tsoho ya ce ruwan da kakanninmu suka sha ne yau za a yi wa sharri.

Na gode wa mutumin nan, don ya ceci ƙafar. Amma a hanyar komowa sai da na ce wa Bulus, “Akuya guda na sayar don a faɗa mana da Faransanci abin da kake faɗa da Hausa.”

Da muka dawo sai ga abin mamaki. Sanda wanzami ya shigo gidanmu da sanda, yana ɗingishi, ba zabira. Kurkunu ya kama shi a ƙwauri.

Bulus ya ce, “Kande, hura wuta, a yi wa Sanda sakiya.”

Sanda ya ce, “Don girman iyayenka ka bari. An ce hannunka ba ya tsinka ta. Taimaka mini.”

Bulus ya jawo ƙwaryar ruwa, ya rufe ido zai yi addu'a. Sanda ya waiga hagu da dama ya ce, “Yi abinka, amma ƙasa-ƙasa, kada liman ya ji.”

Daga Sanda sai maƙeri, daga maƙeri sai 'ya'yan mai unguwa biyu, sai mata, sai wasu daga ƙauyen gaba a kan jakuna. Damina ce ta kurkunu, kusan kowane gida akwai mai shi. Rumfarmu ta koma kasuwa. Kowace safiya sai ka ga ƙafafu a jere, Bulus na jan gindi daga wannan zuwa waccan, yana murza tsinke yana cewa dusuma, dusuma, har yaran gari suka mai da ita waƙa. Ba ya karɓar ko ƙwayar hatsi. Ni ce dai mai asara, don ba a zama a gidan mutum tun safe a tashi ba a sha fura ba, kuma mai kurkunu ƙafarsa ce ke ciwo, cikinsa lafiya lau.

Duk wannan ana yi gona na can. Na gwada ni kaɗai, amma ina jinya, ina daka, ina ɗebo ruwa, abin da na nome bai fi shimfiɗar tabarma goma ba. Hatsin ya fara yin rawaya, ciyawa ta kai shi tsawo. Duk wanda ya bi ta wurin sai ya zo ya yi mini jaje kamar an yi mutuwa.

Sai ranar wata Asabar gardi biyu suka sauka gidan mai unguwa. Suka ce jibi Litinin da sassafe duk namiji mai ƙafa biyu zai tafi aikin hanya, ba dawowa sai wata ya mutu. Suka zo rumfarmu suka dudduba ƙafafu, suka toshe hanci, suka ce waɗannan ba su da amfani.

Da la'asar Baba ya shigo. Tun aurenmu bai taɓa wuce zaure ba, ranar ya shigo har rumfa. Bai zauna ba.

Ya ce, “Tanko, ba don kai ba, don 'yata. Na yi magana da samari. Gobe za a yi maka gayya, kafin a kwashe su. Kande, ki jiƙa hatsin fura.”

Na ji kamar in yi guɗa. Sai na ga Bulus ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke.

Ya ce, “Kawu, Allah ya saka da alheri. Amma gobe Lahadi.”

“To, sai me?”

“Ranar da na karɓi addinin nan na yi alkawari, ranar Lahadi ta Ubangiji ce. Ba na noma a cikinta.”

“Wa ya ce ka yi noma? Kai da ko bayan gida sai an kai ka? Mu za mu yi.”

“Gonar tawa ce, Kawu. In na sa wasu suka yi, ni na yi.”

Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ce, “To, Allahn naka ya nome maka.”

“Allah ɗaya ne, Kawu.”

“Shi ɗin nake nufi!” Baba ya kaɗa riga ya fita.

Ranar na kira shi Bulus ya fi a ƙirga. Na ce ba kai ka koya mini cewa Almasihu ya ce in dabbar mutum ta faɗa rijiya ranar hutu a ciro ta ba? Ya ce, “Hatsi bai faɗa rijiya ba.” Na ce ni ce zan faɗa, ka ga ko za ka ciro ni. Na ce masa alkawarin nan shi kaɗai ya yi a can bakin hanyar jirgi, amma yunwar mu biyu za mu yi ta. Bai musa ba. Ya ce, “Gaskiyarki, Kande. Ki yi haƙuri. Ba zan iya ba.”

Har yau ban san ko daidai ya yi ba. Shekaru bayan haka wani mai wa'azi ya zo daga Damagaram, na kai masa ƙara, ya ce a ganinsa da an bar samarin sun yi noman, Ubangiji ba zai yi fushi ba. Bulus ya ce mai yiwuwa, amma a ranar iyakar abin da ya sani ke nan, kuma a kansa ya tsaya.

Lahadin nan ita ce rana mafi tsawo a rayuwata. Gari ya yi luf, ƙasa da laima, irin ranar da hauya ke shiga kamar cikin tuwo. Samari na zaune a dandali suna dara. Mu kuwa muna rumfa muna sujada mu biyu, shi yana waƙar yabo da muryarsa mai kama da ta jaki mai mura, ni ina amsawa da haƙora a datse. Masu kurkunu suka zo, ya murza musu, ya ce jinya ba noma ba ce. Ba wanda ya yi maganar gona. Sanda ne kawai ya ce, “Tanko, na ga masu taurin kai, amma kai ne sarkinsu.”

Litinin da sassafe aka kaɗa samari aka yi arewa da su, mata na kuka. Na koma gida na zauna a kan turmi. Ban hura wuta ba, ban kawo ƙwaryar ruwa ba, ban yi masa magana ba. Rana ta ɗaga, rumfa wayam, ko mai kurkunu ɗaya bai zo ba. Na ce a raina, ga shi nan, har su sun gudu.

Can sai na ji ganga daga wajen gona, ana kaɗa ta baibai, don makaɗin ma an tafi da shi. Na fita da gudu.

Abin da na gani, da wani ya ba ni labari sai in ce ƙarya yake. Duk mutanen rumfarmu ne, waɗanda gardi suka ce ba su da amfani. Sun jeru a bakin gona a zaune, ƙafafu a miƙe, tsinke a ɗaure, kowa da guntuwar hauya. Su sari ciyawar gabansu, su ja gindi su matsa, su sara, su matsa. Ga ƙarangiya, kowa ya matsa sai ya yi ashar. Maƙeri ya zo a kan jaki, an sauke shi kamar buhu. Gwaggo ce ke kaɗa gangar. Can a ƙarshen layi ga wani tsoho a tsaye shi kaɗai da doguwar hauya, ya juya mini baya don kada mu haɗa ido. Baba ne.

Na ce, “Sanda, mene ne haka?”

Ya ce, “Kada ki ɗauka don addininsa ne. In yunwa ta kore ku kudu, wa zai murza mana baɗi? Je ki dama fura, kuma ki sa nono da yawa.”

Ba rana ɗaya suka gama ba, kusan mako suka yi, kuma noman ba kyau, duk sawun gindi ne a gonar. Hatsin da ya riga ya shaƙe bai tashi ba. Abin da muka girbe bai cika rumbu ba, sai da muka haɗa da tafasa da ganyen jiga kafin wata damina, amma ba mu bar gida ba. Tsutsar hagu ta fito gaba ɗayanta, tsawonta ya kai daga kafaɗa zuwa yatsa. Ƙafar dama kuwa ta sandare a idon sawu, da ɗingishi Bulus ya ƙare rayuwarsa. Saboda haka mai jinya, ki tace ruwa ko da kallabinki ne, ni tun daga lokacin nake yi kuma ba mu sake gani ba. Kada a ja, kada a yi sakiya, kuma kada a bar uwar majinyaci ita kaɗai da shi.

Amma abin da ya fi zama mini a rai a ranar Litinin ɗin ya faru. Da na dawo daga gona don in dama furar, na tarar da shi ya jawo jiki har bakin ƙofa yana sauraron gangar. Na faɗa masa abin da na gani. Na dama furar, na miƙa masa ludayi, ya karɓa.

Na ce, “Ashe ka san za su zo, ka bar ni ina ta haushi?”

Ya ce, “Ban sani ba, Kande. Ko kaɗan ban sani ba.”

“To, waƙar da ka yini kana yi jiya fa?”

“Don kada in yi kuka a gabanki ne. Jiya tun safe nake cikin tsoro. Har na fara tunanin yadda zan roƙi Kawu ya karɓe ki ki ci a gidansa, ni in san inda na nufa.”

“Kana jin tsoro haka, ka ƙi gayyar?”

Ya share fuska da hannun riga. Ya ce, “Na san wanda na ba ajiyar gonar. Abin da zai yi da ita ne ban sani ba.”

Na ajiye ƙwaryar, na zauna kusa da shi a ƙasa na yi kuka mai isata, shi ma ya yi nasa da ya ɓoye tun jiya. Da muka gama na fyace hanci na ce to, na ji, na kuma yarda. Amma in zai sake ba da ajiya irin wannan, ya roƙa a riƙa sanar da ni tun da wuri, don ni ce mai dama furar mutum ashirin ba shiri.